Ni Dai Shobana Nake Tausayi

Jiya da daddare na sake kallon fim ɗin Thiruchitrambalam a waya, karo na uku ke nan. Sunan ma sai an daure. Ƙanwata ta gwada faɗa sau biyu ta haƙura, yanzu "fim ɗin Dhanush mai kai abinci" take ce masa, kuma duk gidan mun gane.

Mu kowane fim na can fim ɗin Indiya muke cewa, amma wannan ba na Mumbai ba ne. Na yaren Tamil ne, daga Chennai a kudancin ƙasar. Ya fito a Agustan 2022, Mithran Jawahar ya ba da umarni, Anirudh ya yi kiɗan. Mutane suna yabonsa a matsayin fim ɗin soyayya mai ban dariya, kuma gaskiya akwai dariya. Ni dai abin da na gani shi ne yarinyar da aka mayar 'yar aike a kan abin da ya fi ƙona mata rai.

Thiru (Dhanush ne ya fito a matsayinsa), wanda ake yi wa laƙabi da Pazham, saurayi ne mai kai wa mutane abinci a babur. Yana zaune da kakansa da mahaifinsa ɗan sanda, amma ba ya yi wa uban magana, saboda shi yake ɗora wa laifin haɗarin da ya ci mahaifiyarsa da ƙanwarsa. Shobana maƙwabciyarsu ce, tare suka taso. Ita ce mai jin kokensa, ita ce mai zaginsa idan ya yi shirme.

To, ya ga Anusha, tsohuwar 'yar makarantarsu, 'yar masu hali, ya rikice. Wa zai koya masa yadda zai tunkare ta? Shobana. Anusha ta nuna masa ita wasa take yi, ya dawo yana ɓata rai, wa zai lallashe shi? Shobana. Sun je biki ƙauye ya hango Ranjani, nan ma Shobana ce a tsakiya. Kuma duk tsawon lokacin nan ita tana sonsa tun suna 'yan makaranta, ta haɗiye abinta.

Ku lura da fuskar Nithya Menen, wadda ta fito a matsayin Shobana, a waɗannan wuraren. Bakinta yana dariya, tana tsokanarsa, amma da ya juya baya sai dariyar ta mutu kafin ta ƙarasa. A kallon farko ban kula ba, sai a na biyu. Ban yi mamaki ba da aka ba ta lambar yabo ta ƙasar Indiya ta gwarzuwar jaruma a 2024 saboda wannan rawar.

Abin da ya fi ba ni haushi, shi gogan bai ma gano da kansa ba. Sai da kakan, wanda tsohon darakta Bharathiraja ya fito a matsayinsa, ya nuna masa abin da ke gabansa. Bayan 'yan mata biyu sun ƙi shi, sannan ya waiwayo. Wace mace ce za ta ji daɗin zama ta uku a layi? Shi ya sa da ta tattara ta tafi Kanada aiki, wallahi har tafi na yi.

Ban ce Thiru mugu ba ne. Yadda ya riƙe mahaifinsa bayan shanyewar jiki ta kama shi ya sa na sassauta masa, Prakash Raj da ya fito a matsayin uban kuma ya yi ƙoƙari a wurin. Rashin lura ne kawai, irin na wanda ya saba a yi masa.

Ƙanwata ta ce tunda ya bi ta har Kanada ai ya biya. Na ce kuɗin jirgi ya biya. Ta ce "Yaya, ke dai ba kya yafiya," ta karɓe wayar ta mayar da shi farko.