Ranar da na kai sa ɗaukar hoton fasfo

Ni dai ba makiyayi ba ne. Shanun huɗa biyu gare ni, wani farin bunaji mai haƙuri da wani bokolo da ban taɓa ganin dabba mai taurin kai irinsa ba. Ana gab da faɗuwar damina mai unguwa ya sa aka yi shela bayan sallar Juma'a cewa za a ba manoma da masu dabbobi tallafin taki da dusa, amma sai wanda ya yi rajista, shi da gonarsa da dabbobinsa.

Wanda ya fara tayar min da hankali Baffa ne. Yana jin an ce za a ƙirga shanu ya dafe ƙirji. "Kai yaro, jangali ne ya dawo da sabuwar riga! Tun 1979 Rimi ya soke mana haraji da jangali a Kano, yanzu kai za ka kai kanka da ƙafarka?" Na ce, "Baffa, ai yanzu har ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya aka kafa a 2024, ba karɓa za su yi ba, bayarwa za su yi." Ya ce shi tun yana yaro duk wanda ya zo da littafi yana ƙirga ƙaho, karɓa ya zo yi. A daren ya kora tumakinsa uku gidan surukinsa, alhali ba wanda ya ce komai a kan tumaki.

Washegari na tafi ofis. Yaron da ke riƙe da kwamfuta ya zayyano min abin da ake bukata da sauri kamar mai karanta talla a rediyo: lambar NIN, lambar BVN, lambar waya, takardar mai unguwa, girman gona, adadin dabbobi, hoto biyu. To, ni da na ji "dabbobi" sai "hoto biyu" ya biyo baya, kuma shanuna biyu ne, me kuke so in fahimta?

Ranar kasuwa na ja su har shagon mai hoto. Mutumin kirki ne, bai yi min dariya ba sai da ya karɓi kuɗinsa. Ya fito da jan ƙyalle, yaransa biyu suka riƙe a bayan bunajin, ya tsaya kamar wanda ya saba. Bokolon kuwa da ya ga ƙyalle yana kaɗawa sai ya sunkuyar da kai. Allah ya taimake mu bokolo ba shi da wani ƙahon kirki, amma duk da haka sai da ya kifar da tiren mai gyaɗa, ya bi mai hoto har cikin shagon tela. Na biya gyaɗa, na biya ƙyalle, na ba da haƙuri ga mutanen da ban ma san me aka yi musu ba.

Da na miƙa hotunan a ofis, yaron ya duba, ya dube ni, ya sake dubawa. "Baba, wanne ne kai a ciki?" Har masinja sai da ya zo ya gani.

Na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Sunana a NIN ya ƙare da "u", a BVN babu "u". Kwamfuta ta ce mutum biyu ne. Na ce, "Yallaɓai, to a ba kowannensu buhunsa mana." Bai yi dariya ba. Sati biyu na yi ina zirga-zirga kafin a yarda ni ne ni.

Sai batun gona. Ya ce hekta nawa ce? Na ce wuni biyu ce idan bokolo ya ga dama, wuni uku idan bai ga dama ba. Ya ce hekta ɗaya ta kai wajen eka biyu da rabi. Na ce mu gonar gado ce, iyakarta daga tsamiya zuwa suri, takardarta kuma Baffa ne. Aka turo wani da waya ya zagaye ta yana dannawa, maƙwabcina na biye da shi da fartanya don kada wayar ta ci masa kunya ɗaya.

Ranar da malamin dabbobi ya zo maƙala musu lambar kunne, wata 'yar roba ruwan ɗorawa, uwargida ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. "Malam, shekara nawa ina roƙon 'yan kunne, ashe sa ne zai riga ni." Ban tanka ba, don ina riƙe da igiyar bokolo da hannu biyu.

Saƙon tallafin ya shigo waya bayan gero ya riga ya fitar da kai. Ɗana ya kusa goge shi, wai 'yan damfara ne. Na garzaya aka ba ni 'yar takarda mai hatimi, aka ce in zo da ita ranar Talata in karɓi taki buhu ɗaya da dusa buhu ɗaya. Na soke ta a aljihun gaba, na wuce turke don in zuba musu harawa. Ina sunkuyawa sai na ji wani abu mai danshi ya shafi ƙirjina. Kafin in ɗago, bokolo ya naɗe ta da harshe, yana tauna yana kallona, lambarsa na lilo a kunne.

Ranar Talata na je na yi bayani. Yaron ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce sai na kawo shaidar cewa takardar ta ɓata. Na ce shaidar tana turke, in yana so in jawo ta. Ya ce a'a, Baba, hotonsa ma ya ishe mu.