Murhun fam 16,000 da murhun Innarmu

Mako uku ke nan da wata baturiya ta yaɓa mini magana a kicin ɗin surukarta, har yau abin ya ƙi fita daga raina. Maigidana ya ce in manta, wai ba da wata manufa ta faɗa ba. Na yarda ba da manufa ta faɗa ba. Ai shi ya sa ta fi ciwo.

Aikina a nan Ingila kula da tsofaffi ne a gidajensu. Tsohuwar da nake wa aiki yanzu ta haura shekara 90, tana zaune a wani ƙauye na yankin Shropshire, can kusa da iyakar Wales, cikin tsohon gidan gona na dutse mai ƙananan tagogi. Dole sai na kwatanta muku kicin ɗin, in ba haka ba ba za ku gane abin da ake ta kai-kawo a kansa ba.

Kana shiga, abin da zai fara tare maka ido wani ƙaton murhu ne da ake kira AGA, ya cika rabin bango, launinsa ruwan madara, yana sheƙi kamar sabon kwanon samira. Zubin baƙin ƙarfe ne gaba ɗayansa, irin na dutsen gugar gawayi na da, nauyinsa ya doshi kilo 400. Ba a ɗaukarsa a shigo da shi, gunduwa-gunduwa aka kawo aka harhaɗa shi a inda yake, kuma nan zai tsufa. A samansa akwai faifai biyu na ƙarfe, kowanne da murfi mai nauyi da hannun waya a naɗe: ɗaya mai zafin gaske na tafasa, ɗaya mai sanyin wuta na turara. A ƙasa akwai ƙofofin tanderu, wato obin, na sama na gashi, na ƙasa na dahuwar a hankali. Ba ka ganin harshen wuta ko kaɗan. Abin mamakin, ba a kashe shi. Dare da rana yana kunne, yana jan kananzir daga wani tanki da ke bayan gida. Ƙarfen ne ke haɗiye zafin ya riƙe, kai kuma ka ɗaga murfi ka ɗiba. A gabansa akwai wani dogon ƙarfe da suke shanya tawul da safa, ƙarƙashinsa kuma karen gidan ke wuni a kwance. Tsohuwar ta ce mini zamanin mijinta yana kiwo, idan tunkiya ta haihu cikin dare mai ƙanƙara, ɗan ragon da sanyi ya kusa kashewa a obin na ƙasa suke sa shi, su bar ƙofar a buɗe har ya farfaɗo.

To matar ɗanta ce ta zo daga Landan da ƙullin littattafan talla. So take a ɓalle tsohon a sa sabo mai aiki da lantarki, wanda ake kunnawa a kashe. Da kuɗin murhun, da na cire tsohon, da na jan sabuwar waya, lissafi ya tsaya mata a fam 16,000. Wannan ma wai ta sassauta ne, don akwai wani na Faransa, La Cornue, kamfanin da aka kafa tun 1908, wanda sai ka yi oda ake ƙera maka da hannu, ka zaɓi launi da ƙarfen ado, kuma akwai cikinsu wanda ya fi sabuwar mota tsada. Mijin yana ta noƙewa. Ina gefe ina dama wa tsohuwa kunun alkamarta, sai ta juyo ta ce, ke fa, da me kuke girki a can gida?

Ni kuwa da zumuɗi na ciro waya. Akwai bidiyon da ƙanwata ta turo mini na sunan ɗanta a gidanmu na Rafindadi a Katsina: Inna da su Gwaggo a tsakar gida, manyan tukwane huɗu a jere kan duwatsu, Inna ta sha ɗamara tana tuƙi da muciyar nan tata da ta kusa tsawona. Na miƙa mata ina murmushi, ina jiran ta ce kai, wannan aiki! Sai ta dafe ƙirji, ta langwaɓe kai, ta ce da harshensu abin da ya yi daidai da "Allah sarki, baiwar Allah, a ƙasa take girki, a waje?" Ta kuma dafa kafaɗata ta ce ni kam na yi sa'a da na fito.

Ban ce komai ba. Aiki nake. Amma abin da ban faɗa mata ba shi zan faɗa a nan.

Wannan murhun da ta tausaya wa, ranar nan ya ciyar da unguwa guda, har almajirai suka cika robobinsu suka dawo zagaye na biyu. Ita kuwa, da bakinta ta faɗa mini a Landan ranar Lahadi kaɗai take girkin kirki, sauran kwanaki abincin kanti ne take jefawa a na'urar ɗumama abinci. Ƙauyen nan ma sai ƙarshen mako suke leƙowa, shi ma ba kowanne ba. Fam 16,000, a canjin da fam ɗaya ke kaiwa wajen naira 2,000, ya kama kusan naira miliyan 32. Ku da ke gida kun fi ni sanin me wannan kuɗin zai yi: kujerar Makka uku har da guzuri, ko rijiyar burtsatse da mutanen unguwa za su yi ta sa maka albarka. Duk don a gasa kaza ɗaya da dankali sau biyu a wata. Ni a ganina murhu ba da kyansa ake auna shi ba, da yawan bakunan da yake ciyarwa da yawan ɗora tukunyar da ake masa ake auna shi. In aka bi ta nan, kwalliyarta ba za ta biya kuɗin sabulu ba ko da za ta shekara ɗari.

Kada a ce ban yi adalci ba. Murhun nan yana da nasa. Wanda bai taɓa kwana a gidan dutse a Ingila cikin watan Janairu ba ba zai gane ba; sanyin hunturunmu na Katsina busasshe ne, rana na fitowa ya saki, na nan kuwa jiƙaƙƙe ne mai shiga ƙashi, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa. A irin wannan lokaci kicin ɗin ne kaɗai ɗakin da ake iya zama, kuma tsohuwata a nan take wuni kan kujera, bayanta ga murhu. Na taɓa sa ƙafar saniya a obin na ƙasa bayan isha'i, da asuba na tarar ta narke luguf, ba ƙonewa, ba ƙarin ruwa. Kuma na gidan nan tun kafin a haife ni aka girka shi, har yau yana aiki. Ga matar manomi mai ciyar da mutum bakwai, mai busar da kayan yara, mai neman ruwan zafi dare da rana, kuɗinta ya dawo mata tuni. Amma ita wannan ba matar manomi ba ce. Hoton rayuwar matar manomi take son saye. Irin tsohon nan mai tanderu biyu yana shan kananzir wajen lita 40 a mako, ko an yi girki ko ba a yi ba. Lita 40! Da farashin makamashi ya yi tashin gwauron zabi a 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukiren, gidaje da yawa kashe nasu suka yi. Kuma ko a da, da zarar bazararsu ta shigo zafin kicin ya yi yawa, da yawansu kashewa suke su koma kan ƙaramin murhun da ke gefe. Kenan ka sayi murhu, sannan ka saya wa murhun mataimaki.

Abin da ya fi ba ni dariya, da na zauna na lura, dabarar duk tamu ce. A kan murhun nan ba a murɗa maɓalli a rage wuta. Idan miya ta tafasa, tukunyar kake janyewa daga faifai mai zafi zuwa mai sanyi. Mu kuma itacen muke janyewa. Suna alfahari wutarsu ba ta mutuwa. Kakata har ta koma ga Allah ban san ranar da wutarta ta mutu ba, da dare ta binne garwashi cikin toka, da asuba ta tona ta hura, maƙwabta su aiko yara da kasko ɗiban wuta. Su nasu an shafa masa fenti an kira shi gado da tarihi, namu kuma an dafe masa ƙirji.

Tsohuwar ce ta ba ni labarin wanda ya ƙirƙiro shi, daga baya na tabbatar. Wani masanin kimiyya ne ɗan ƙasar Suwidin, Gustaf Dalén, wanda ya ci kyautar Nobel a 1912 kan fitilun da ke nuna wa jiragen ruwa hanya. A wannan shekarar wani gwajin iskar gas ya fashe ya makantar da shi. Zaman gidan da ya yi ne ya sa ya gane irin wahalar da matarsa ke sha wajen kula da wuta, sai ya zauna ya tsara murhun da ba sai an tsaya a kansa ba, ya fito da shi a 1922, ya iso Ingila a 1929. Na daɗe ina juya wannan labarin. Sai da mutum ya rasa ido sannan ya ga wahalar matarsa.

Laifi tudu ne, na sani. Mu ma muna da namu murhun na ado. Wace amarya ce yanzu ake kaiwa ba gas mai kai biyar ko shida, mai obin da gilashi? Uba ya sayar da gona, uwa ta ci adashi uku, a jera, dangin miji su zo ganin ɗaki su yaba. Bayan wata shida ka leƙa obin ɗin, tukwane da murafai ne a ciki, girkin gaske kuma yana waje kan kurfoti. Amma ko a nan ba zan haɗa mu da su ba. Uwar da ta yi wannan ba don kanta ta yi ba, bakin mutane take toshewa don kada a goranta wa ɗiyarta a gidan miji. Kuskure ne, amma kuskuren ƙauna ne. Ita baturiyar wa zai goranta mata?

Da na koma ɗakina daren nan, sai na sake buɗe bidiyon don in huce. Na kalle shi ya fi sau ashirin a baya, ina kallon tukwane, ina kallon atamfar anko, ina neman fuskokin da na sani. Wannan karon sai na ga Inna ta saki muciya, ta juya baya, ta kama gefen ɗankwalinta tana goge ido. Sau uku cikin minti biyu. Tarin nan nata da muke cewa na hunturu ne, ban san shekarar da ya fara ba, kuma ba ya jiran hunturu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gidaje yana kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara, kuma mata da yara ne suka fi shaƙarsa. Baturiyar ta ga abin da ni ban gani ba, kuma wallahi wannan ya fi maganarta ƙona mini rai. Duk da haka ban ba ta gaskiya ba. Ta ga hayaƙi, ba ta ga Inna ba.

Ba wai ban yi komai ba. Shekara biyu da suka wuce na tura kuɗi aka saya mata gas mai kai biyu da tukunyarsa. Yana nan a ɗakinta, ta lulluɓe shi da leshi, ta ɗora fulas a kai. Na kira ta bayan wannan abin, na ce, Inna, don girman Allah ki riƙa amfani da gas ɗin nan. Ta ce, ke 'yar nan, tun da aka janye tallafin mai komai ya hau, in cika tukunya in dafa wa mutum goma sha huɗu, kwana nawa za ta yi? Na ce ni zan riƙa cikawa. Ta ce tsoronsa take, kuma tuwon gas ba ya nuna har ciki, Malam ma ba ya cin sa da daɗi. Na ce to ko kurfoti mai rage hayaƙi. Ta yi dariya har tarin ya taso. Da ya lafa sai ta ce, ke dai kullum aike, kullum aike. In kina son in daina hura wuta, ki zo ki karɓi muciyar.

Rabona da Katsina shekara uku. Zuwan da na yi na ƙarshe kwana goma sha biyu ne, rabinsu a hanyar gaishe-gaishe, har Gwaggo ta ce kamar wadda ta zo ɗiban wuta. Ban zauna na ci tuwon Inna a natse ba sai sau biyu, kuma har yanzu idan na rufe ido ina jin ƙamshin hayaƙin nan a cikin miyar kuka, wanda na gwada a kan murhun turawa iri-iri bai taɓa fitowa ba. Hayaƙin da nake kewa shi ne ke cin ƙirjinta. Ban san yadda zan yi da wannan ba.

Matar ɗan dai ta yi odarta, kore ta zaɓa. Wata mai zuwa za su zo su kwance tsohon. Tsohuwata ba a tambaye ta ba, kuma ba ta ce komai ba, sai dai na ga kwanan nan tana yawan ɗora tafin hannunta a kan murfin. Jiya da dare bayan na kwantar da ita, na dawo na jingina da ƙarfen shanyar, karen yana kwance kan ƙafata, na buɗe waya ina duba kuɗin jirgin Kano na watan azumi.