Mako 12 ne, ba har abada ba

Na ji daɗin wani labari da ya ce ana warkewa daga ciwon hanta nau'in C, sai dai bai faɗi tsawon lokacin shan maganin ba, alhali nan ne tsoron mutane yake. Da can allurar interferon ake yi har mako 48, ga zazzaɓi ga kasala. Yanzu ƙwaya ce, sofosbuvir da daclatasvir, kullum sau ɗaya, mako 12. Wani haɗin ma mako 8 ne. Wanda hantarsa ta riga ta ƙeƙashe ne likita kan kai shi mako 24.

Yayata ta sha na wata uku. A wata na biyu ta ji garau, ta so ta daina saboda tsada, muka yi karo-karo muka cika mata. Don Allah 'yan'uwa, kada a yanke magani a tsakiya. Bayan an gama ma, sai an jira mako 12 a sake gwajin jini kafin a tabbatar cutar ta tafi. Nata ya fito babu komai, alhamdu lillahi.

Masar ta gwada miliyoyin mutanenta kyauta tun 2018. Mu ma a rage mana kuɗin gwajin nan.