Direba, wa ya san inda ka kwana jiya?

'Yan uwana direbobin manyan motoci, musamman ku matasa da kuka karɓi sitiyari kwanan nan, akwai maganar da ba a so a yi a tasha. Sai dai a yi ta zuga wane, wai yana da mace a kowane zango, shi kuma yana washe baki. Matarsa tana gida tana ƙirga kwanaki, ta ɗauka lodi ne ya riƙe shi.

Haramcin abin ba wanda bai sani ba, malamai sun gama wannan. Ni ta ɓangaren hukuma zan ɓullo muku.

Ranar da aka tsinci gawar yarinyar da kake tsayawa wurinta, Allah ya kiyaye, wa kake tsammanin za a fara nema? Mai bincike daga na kusa yake farawa, kuma yana da hujja. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2023 an kashe mata da 'yan mata kusan 85,000 a duniya, kashi 60 cikin 100 a hannun miji, saurayi ko dangi. Sana'armu ma an sa mata ido. A 2009 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta bayyana shirinta kan kashe-kashen manyan hanyoyi: gawa sama da 500, yawanci mata, da waɗanda ake zargi kusan 200, galibinsu direbobin dogon zango. Ƙalilan ne suka ɓata mana suna, amma tabon ya shafi kowa.

Kuma yanzu hanya ba ta rufa asiri. Kamfanin waya yana da lissafin wanda ka kira da yankin da kake a lokacin. Na'urar bin sawu da mai mota ya maƙala ta san inda ka tsaya da awa nawa ka yi. Ga kyamarar gidan mai, ga takardar kaya mai kwanan wata, ga yaron motarka da za a keɓe a tambaya shi kaɗai.

A nan mai hannu tsarkakakke yake jefa kansa rami. An tambaye shi ko ya san ta, sai ya tuna da matarsa da surukansa, ya ce bai taɓa ganinta ba. Sai a ajiye masa saƙonninsa a kan tebur. Ramin ƙarya ƙurarre ne, daga nan ko rantsuwa ya yi ba mai saurarensa. Iyalin da za su nemo lauya su yi ta zirga-zirga, a ofishin 'yan sanda suke fara jin labarin; wani ma a ranar ake sanin yana da ɗa a wani gari. Da wace zuciya matar za ta tsaya masa?

Ita ma yarinyar 'yar wasu ce, tana da uwa mai jiran ta. In aure kake so, bi ta ƙofar gidansu, a sanar da naka iyalin. In ba haka ba, kashe mota, kira gida ka faɗi inda ka yada zango, ka yi barcinka.

Wanda kuwa tsautsayi ya riga ya faɗa masa, kada ya gudu, kada ya goge saƙo ko ya jefar da layinsa. Ya nemi lauya kafin ya sa hannu a kowace takarda, kuma ya kira matarsa da kansa tun kafin 'yan sanda su kira ta.