Ranar da injin surukina ya daina fitsari

Duk wanda ya taɓa tuƙa kwale-kwale mai inji ya san ba gaba kawai ake kallo ba. Ido ɗaya na kan ruwa, ɗayan na baya, wurin ɗan siririn ruwan nan da inji ke tsartowa ta gefe. Masunta fitsari suke ce masa. In yana zuba, hankalinka kwance. In ya ɗauke, sai ka fara salati.

Nawa a tsakiyar kogi ya ɗauke, cikin watan Agusta, lokacin da Shuɗin Nilu ke gangarowa daga tsaunukan Habasha jajawur da laka. Na ce nawa, amma fa na surukina ne, inji mai ƙarfin doki 40 da yake lallaɓawa fiye da 'ya'yansa. Na aro shi ne don in tsallakar da Kawu da Gwaggo daga Mai Wurno ta ƙasar Sudan zuwa gona a wancan hayin. Akwai Auta, ƙanena mai koyon gyaran raksha, wato babur mai ƙafa uku, a garin Sinnar, sai akuyar Gwaggo.

Da farko ƙaurin fenti na ji. Na waiga, ba fitsari, sai wani tururi-tururi. Na taɓa murfin, na janye hannu ba shiri, na kashe inji nan take, don in aka ci gaba fistan ne zai cije, daga nan kuma sai zancen sayar da gona.

"Lagireto ne ba ruwa," in ji Auta, yana ta naɗe hannun riga.

Na ce, "Auta, wane lagireto? Ga lagiretonsa nan muna zaune a kai."

Injin jirgi ba ya ajiye ruwa a cikinsa. Kogin yake sha. A ƙafarsa, sama kaɗan da farfela, akwai 'yan ramuka masu raga inda ruwa ke shiga. Wata 'yar fanka ta roba da ke juyawa tare da sandar inji ce ke tura ruwan sama ta cikin bututu, ya zagaye kan inji ya kwashe zafi, sannan ya fita da hayaƙi. Ɗan abin da ke tsartowa ta gefe shaida ce kawai cewa fankar na aiki.

Kawu bai tsaya jin karatuna ba. Ya ɗebo ruwa da kwanon kwasar ruwa zai sheƙa wa injin. Da ƙyar na riƙe hannunsa, na ce, "Kawu, don Allah a yi haƙuri, ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi tsagewa zai yi." Ya ce shi tun ana tuƙi da gora yake kan kogin nan. Gwaggo kuwa ta riga ta gama bincikenta: baki ne. Wata mata ta yaba injin da safe ba ta ce masha Allah ba.

Duk wannan fa ruwa na tafiya da mu arewa, kuma a arewa madatsar Sinnar take. Tun 1925 take tsaye a wurin, kuma da damina akan buɗe ƙofofinta don laka ta wuce. Da sauran nisa sosai, amma da Auta ya ambaci ƙofofin, sai Gwaggo ta bar zancen baki ta koma Hasbunallahu.

Na ɗaga ƙafar injin. Ai kuwa ga baƙar leda ta manne a ragar, lif. Na ɓamɓare ta ina murna, na bari ya huce, na ja igiya. Ya tashi, amma ko ɗigo babu. Na kashe, na yanko zaren fatsa mai kauri na zura a ramin fitsarin ina sakace. Sai ga busasshiyar ƙasa na zubowa, har da gawar tsutsa: zanzaro ya yi gini a ciki lokacin da injin ke jingine a zaure. Na sake tayarwa. Ya ɗan ɗiga kamar tsohon famfon unguwa, ya sake yin shiru.

"Tamostat ne, a cire a yar," in ji Auta. Wannan karon ya ɗan kusa gaskiya, don tamostat kan cije ya hana ruwa zagayawa. Sai dai ba a yar da shi, shi ke tsare zafin inji daidai, yana buɗewa wajen digiri 50 zuwa 60. Muka kwance, muka same shi garau. Wajen mayarwa Auta ya miƙa wa Kawu noti ya riƙe, Kawu ya ajiye a kan buhu, akuya ta shinshina, noti ya yi ƙasa cikin kogi.

Da filafili muka ƙarasa gaɓa, can ƙasa da gonar, wurin wasu masunta 'yan'uwanmu da ke shanya raga. Cikinsu akwai dattijo da kowa ke kira Usɗa. Bai ce komai ba sai da ya shanye jabanarsa, wato gahawa. Sannan ya kwance notunan ƙafar, ya zare ta, ya buɗe gidan famfo. Fankar mai fikafiki shida ce, biyu suka rage, su ma sun ƙandare, gefensu ya narke ya yi sheƙi. Ya daɗe yana tsintar gutsattsarin robar daga bakin bututu, yana cewa in aka bar ko ɗaya a ciki, sabuwa ma ba za ta yi amfani ba.

Ya kai robar hanci ya shinshina. "Laka tana cinye roba, amma ba ta ƙona ta. Wa ya tayar da injin nan a tudu?"

Kowa ya yi tsit. Auta ya kalli ƙasa, ya kalli Kawu.

"Jiya da yamma ne," in ji Kawu, yana gyara rawani. "Minti biyu kacal, don in ji lafiyarsa kafin mu hau."

Usɗa ya ce, "Alhaji, ruwa ne man wannan robar. In babu shi, kafin minti ɗaya ta soyu. Yau laka ta ƙarasa ta ne kawai."

"To ka gani? Da ban gwada ba, wa zai san robar ba ta da ƙwari?"

Wa zai ja da Kawu? Kuɗin sabuwar fanka, da gaskit, da noti, da ladan Usɗa, duk daga aljihuna suka fita. Da injin ya tashi ya tsarto ruwa da ƙarfi, har guɗa Gwaggo ta yi, ta ce tofinta ne ya ci.

Bayan magariba muka mayar da inji. Surukina na zaune a tabarma, ya ce, "Yaya, bai ba ku wahala ba dai ko?" Ina durƙushe ina neman ta inda zan fara, Kawu ya riga ni.

"Lafiya lau, Malam. Na dai lura robar famfonsa ta gaji, shi ne na sa yaron nan ya saka maka sabuwa."

Surukina ya yi ta sa masa albarka, ya sa aka ɗauko giwan ruwa guda aka kai gidan Kawu. Ni aka ba ɗauka.