Ranar da Na Bar Kawu a Bakin Dorina

Shekarata shida a Yamai, kuma duk baƙon da ya zo daga Tawa ni ne ɗan rakiyarsa. Hanyata ɗaya ce: in kai mutum Gidan Tarihi na Boubou Hama, wanda kowa ke kira Muze, daga nan mu gangara bakin kogi ina zuba bayani kamar da hannuna na haƙa shi. Ba wanda ya taɓa taka mini birki sai Kawu.

Ganin likitan ido ne ya kawo shi. Da aka gama, na ce bai kamata mutumin Adar ya koma gida bai ga ruwan da ba ya ƙafewa ba. Na ci ado da sabuwar shadda da takalmin fata da ban gama biyan kuɗinsa ba, muka fita tare da autarsa, yarinya ƴar shekara tara mai bakin tsiya.

Wanda bai san Muze ba zai ɗauka ɗakin ajiye tsofaffin tukwane ne. Fili ne makeke mai inuwa, ga gidan dabbobi, ga rumfunan maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa, ga iyalai sun shimfiɗa tabarmi yara na ta tsalle. Na ce an buɗe shi a 1959, saura shekara ɗaya a samu ƴancin kai. Wannan kam daidai na faɗa, don na hardace shi tuntuni. A gaban ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, waɗanda aka tono a hamadar Agadas, aka fara samun matsala. Yarinya ta ce, "Yaya, me suke ci?" Na ce raƙuma. Kawu ya dube ni da idon da aka gyara masa jiya-jiya, ya ce, "Raƙuman wa?" Na yi kamar ban ji ba.

Muka iso wurin busasshiyar bishiyar Tenere. Na gyara murya na ce tsawa ce ta faɗa mata.

"A'a, ɗana. Mota ta kaɗe ta, shekarar babban fari, 1973. Duk faɗin Tenere, ba icce kusa ba icce nesa, direba bai samu abin karo ba sai ita. Can inda take an kafa ta ƙarfe."

Don in farfaɗo da mutuncina sai na ja su wajen dorina. Na bayyana cewa ciyawa take ci, da dare take fitowa kiwo, amma tana kifar da kwale-kwale, kuma duk ƙibar nan tata ta fi mutum gudu a tudu. Na ɗaga yatsa na ce wa yarinya, "In kin ga dorina a ruwa, ki natsu, kada ki motsa. Mu ƴan bakin kogi haka muke yi." Ku riƙe wannan maganar.

Da la'asar sakaliya muka sauka gindin Gadar Kennedy. Duk surutuna, wurin nan yakan sa ni yin shiru: masu wanki suna bugun kaya sun shanya su jere, lambunan salak da kabeji kore shar, jiragen ruwa shaƙe da kabewa, rana tana gangarawa ta bayan Harobanda, unguwar ƙetaren kogi, ruwa ya koma ja. Shirun bai daɗe ba. Na ce Faransawa ne suka gina gadar.

"Kennedy Bafaranshe ne? Kuɗin Amurka ne, 1970. Kafin ita a bak, jirgin fito, muke ƙetarawa in za mu ci-rani Abijan. Lokacin uwarka ko tallar fura ba ta fara ba."

Yanzu gada uku ce a garin, amma ban ƙara cewa uffan a kan sauran biyun ba.

Na ce to mu shiga kwale-kwale. Na tunkari mai jirgi da Zabarmancina na kasuwa, "Fofo, marje?" Ya amsa mini da Hausar da ta fi tawa, ya ce jaka biyu. Kawu ya zauna daram kamar a zaurensa. Ni na riƙe gefen jirgi da hannu biyu, ina cewa ai don ya daidaita ne.

Ba mu yi nisan jifa ba sai wani baƙin abu mai faɗin baya ya taso kusa da ni, yana sheƙi. Sai na ji huci, fuuu, ruwa ya fantsamo mini a fuska.

Ban san lokacin da na bar jirgin ba. Na dai ji bakina yana salati, ƙafafuna suna cikin laka, ruwa iya cinya, ina ta ihu "Dorina! Dorina!" ina nufin gaɓa. Kawu, wan mahaifiyata, mai shekara saba'in da ɗoriya, na bar shi can da ƴarsa, ko waiwaye ban yi ba.

Baƙin bahon roba ne na wani mai wanki, ruwa ya kwashe shi a kife. Hucin kuwa na yaronsa ne da ya biyo shi da nutso. Masu wanki suka bar aiki, wani har da zama a ƙasa yana riƙe da ciki. Daga cikin jirgi muryar yarinya ta tashi tar: "Yaya, ka ce a natsu!" Na ce ai taimako na tafi nema.

Laka ta haɗiye takalmin dama. Mai jirgi ya ce in ƙara masa dala ɗari ya lalubo, na biya. Ya yi ta lalube, ya fito da silifas na mata, ƙafar hagu. Haka na hau titi, ɗaya fata ɗaya roba, taksi uku suka dube ni suka wuce, na huɗu sai da ya shimfiɗa leda kafin ya bari in zauna.

Ko gida ba mu kai ba wayata ta yi ƙara, don ita Allah ya tsare ta a aljihun sama. Inna ce daga Tawa.

"An ce ka yi kokawa da dorina?"

Na dubi Kawu, yana kallon taga, kafaɗunsa na rawa. Na ce mata an yi, amma canjaras aka tashi.