Fitsarin jini ciwo ne, ku bar yara su sha magani

Abin da aka yi jiya a makarantar unguwarmu ya ƙona mini rai. An kawo maganin tsargiya, wato ciwon fitsarin jini, kyauta, yara sun yi layi ana auna tsayinsu da sanda don a san ƙwaya nawa kowa zai sha, sai ga iyaye suna fizge 'ya'yansu saboda wata murya da ke yawo a WhatsApp, wai maganin yana hana haihuwa. Haba mutanen Agege! Mai muryar nan ko sunansa ba ku sani ba, kun gaskata shi kun bar yaro da jini a wando.

Fitsarin jini ciwo ne. Kada wanda ya sake ce mini alamar balaga ce, ko "ai duk mun yi muna yara". Tsutsa ce ke fitowa daga jikin dodon koɗi a rafi ko kududdufi, ta huda fatar yaro yana wanka, ta girma cikin jijiyoyin jini, ƙwayayenta su yi ta yi wa mafitsara rauni. In shekaru suka ja, ƙoda na iya taɓuwa, wani har ciwon dajin mafitsara. A jikin mace kuwa tana kaiwa ga mahaifa. Haihuwar da kuke jin tsoron rasawa, ciwon ne ke iya hana ta.

Masu cewa Legas muke, ina muka ga rafi: ina kuke kai yaran hutun Sallah? Su isa Kura ko Kadawa a jihar Kano, washegari suna cikin ruwan noman rani tsamo-tsamo. Masu cewa maganin yana sa jiri da tashin zuciya, eh, yana yi, musamman in ciki babu komai. Ba yaro koko da ƙosai kafin ya sha.

Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu tsargiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 2030 a matsayin wa'adin shawo kanta, kuma tun 2022 ta ce inda cutar ta yi yawa a riƙa bai wa kowa daga ɗan shekara 2, har manya. Mu kuma muna nan muna korar masu rabawa.

Su ma hukumomi su ji: ƙwaya kaɗai ba ta isa, muddin ana fitsari da bahaya a bakin ruwa. Ku leƙa bayan kasuwanninmu da asuba ku ga inda 'yan dako ke zagayawa, don banɗakin kuɗi ya fi ƙarfin wanda bai yi ko sisi ba tukuna. Shugabannin kasuwa, kuɗin da kuke karɓa kullum ina yake tafiya?